Wa Ya Ɗinka Gafakar? Kwana Tara Tsakanin Agye da Gidan Makama

Talata, Agye

An ba da hutun ƙarshen shekara tun ranar Asabar, amma tambayar yarinyar nan ta hana ni sakat. Darasin ƙarshe da na yi wa ajina a kan zamanin da Turawa ke kira Renesans ne, lokacin da zane da sassaƙa da gini suka farfaɗo a Italiya, daga wajen 1400 zuwa bayan 1500. Shekara tara ke nan ina karantar da shi yadda na tarar a littafi: birnin Fulorans, gidan attajiran Medici, sai jerin gwanaye, su Donatello da Mikelanjelo. Yara su kwafe, su haddace, ranar jarrabawa su amayar mini, in ba da maki.

Ran nan ina share allo sai wata yarinya daga bencin baya, wadda ko kiran suna da ƙyar take amsawa, ta ɗaga hannu. "Mushe, lokacin da su suke wannan aikin, mu me muke yi?" Wani shaƙiyyi ya ce noma, aji ya fashe da dariya. Na ce mata a lokacin Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, ga Katsina, ga Gobir. Ta ce, "A'a Mushe, ba sarakuna ba. Masu yin abu da hannu. Su wa da wa?" Na buɗe baki, babu suna ko ɗaya a ciki. Ƙararrawa ce ta cece ni.

Yau na yanke shawara. Zan tafi Kano in shiga Gidan Makama, tunda ginin zamanin Rumfa ne. Na kuma kira ƙanena, ɗan baffana, da ke aikin masaƙa a Firato, kusa da Fulorans. Shekara shida yana can, bai taɓa leƙa gidan tarihi ba. Na roƙe shi ya shiga wanda ake kira Barjello ya nuna mini ta waya. Ya ce, "Yaya, gidan gumaka za ka tura ni?" Da ya ji ranar Lahadin farkon wata kyauta ake shiga gidajen tarihin gwamnati, sai ya sauko.

Maiɗakina ta ce mutane na zuwa Kano sarin kaya, ni zan tafi kallon tsofaffin tukwane.

Laraba, Gazawa

Kafin in yi yamma sai na fara yin gabas, don in gaida Gwaggo. Na faɗa mata abin da zai kai ni Kano, ta dube ni tsawon lokaci, sannan ta ce, "Ɗan nan, in tsohon kaya kake nema ai ga ɗakina."

Da gaskiyarta. Bango guda na ɗakin ya ɗauki zamani uku. Can sama, cikin ragaya, ƙoren aurenta ne, sun yi ja don tsufa, ɗaya da ɗinkin gyartai a gefe kamar tabon kaciya. Tsakiya kwalla da samira, na lokacin da gyaɗa ke kuɗi. Ƙasa kuwa kulolin roba da jikoki suka kawo mata. Na ɗauko babbar ƙwaryar na juya ta. Zanen ya zagaye ta layi uku, an kankare fari an bar ja, babu inda aska ta zame. Na tambayi wanda ya zana. Ta ce wani tsoho ne daga wajen Gangara, yakan zo kasuwa da jaki. Sunansa fa? Ta yi shiru, ta taɓa goshi. "Ya tafi, ɗan nan. Da yana nan kan harshena."

Daga ƙarƙashin gado ta jawo gafakar Kaka. Kakanmu baduku ne, kuma wannan da hannunsa ya yi wa kansa. Fatar jar akuya ce, irin tamu ta Maraɗi, ta yi laushi kamar tsumma amma ko tsaga ɗaya babu. A marfin ya yanke 'yan murabba'ai ya shimfiɗa koren fata a ƙarƙashi, ya bi gefensu da baƙin ɗinki. Na ƙirga ɗinkin da ke tsawon gaɓar yatsana guda, na sami goma sha ɗaya. Na matsa gaba na sake ƙirgawa, goma sha ɗaya. Ba shi da ma'auni sai ido da basilla.

Sai na tambaye ta, sirdin Kaka fa? Na san amsar, amma ina son in sake ji. Kaka ya yi wata bakwai yana yi wa wani sirdi ado, mai shi ya rasu bai karɓa ba, ya zauna a gidanmu. A yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari, wani dillalin tsofaffin kaya ya zo ya ba da gero tiya arba'in ya tafi da shi. Gwaggo ta ce, "Mun ci mun rayu. Sirdi ba ya shiga tukunya."

Da la'asar na je wajen tsohon da ya yi wa Kaka almajiranci. Na same shi yana ɗinke kujerar babur da zaren buhu. Da na ambaci gafakar sai ya ajiye aikin, ya shiga lissafa mini: a jiƙa fata a ruwan toka gashi ya saki, a jeme ta da bagaruwa, ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, kore da garin tagulla. Na ce, "Baba, wa ya koya wa Kaka?" Ya faɗi suna. Wa ya koya wa wancan? Ya faɗi wani. Na uku ne ya gagara. Na rubuta biyun a bayan takardar maki.

Alhamis, Tibiri

Na koma ta Agye da Caduwa zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 80 daga gida. Gonaki duk an girbe, gawo ne kaɗai ke da ganye. Daga tasha na hau kabu-kabu zuwa Tibiri, cikin ƙasar Gidan Rumji, na tsaya ƙofar fadar Sarkin Gobir ina kallon wani doki a turke. Ragamarsa igiyar roba ce shuɗiya.

Abin da ya kawo ni nan wani baƙo ne da ya mutu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa ta Andalus, a Fas ya tashi, ya yi yawon ƙasashe. A 1518 'yan fashin teku suka kama shi suka kai wa Fafaroma Leo na 10, wanda ɗan gidan Medici ne na Fulorans ɗin nan da nake karantarwa. Aka yi masa baftisma a 1520, Turawa suka san shi da Leo Afirkanus. A Roma ya kammala littafinsa na bayanin Afirka a 1526, aka buga shi a Benis a 1550. Masana na jayayya ko da ƙafarsa ya taka ƙasar Hausa ko ji ya yi a bakin fatake, amma ya ambaci Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara. A kan Gobir ya ce akwai masaƙa da dukawa da yawa, masu yin takalma irin na Rumawan dā, ana kai su Tumbuktu da Gawo. Kano ya ce garin gwanayen sana'a ne da attajirai. Katsina kuwa bai yi mata kirki ba, bukkoki ya gani, kuma ni Bakatsinen Maraɗi ban yafe masa wannan ba.

Gobir ɗin da ya ji labari ba a Tibiri take ba. Gobirawa sun zauna Birnin Lalle, daga baya Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808 lokacin jihadi, sai bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tibiri. Mu ma haka: Katsinawan da suka bar birni bayan 1807 su suka kafa sarauta a Maraɗi, sannan ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin gulbi, aka hau tudu. Mutanen da ke tashi da kaya a ka kowane ƙarni, me zai rage musu na ajiya? Tambari da takobi ake fara ɗauka. Takalmin baduku sai wanda ke ƙafa.

Duk da haka na sami rabin amsa. Lokacin da Mikelanjelo ke raye, mai karatu a Italiya ya san ana ɗinkin takalma a Gobir.

Na kwana Maraɗi wajen wani abokin karatu.

Juma'a, hanya

Ɗan Isa, Magama, Jibiya. Na canza sefa, aka cika mini aljihu da naira har na ji kamar attajiri, kafin direba ya faɗi kuɗin mota. A gefen hanya ana ta aikin layin dogon da zai haɗa Kano da Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021.

A Katsina na yi sallar Juma'a, na je na tsaya gindin hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta ta da zamanin Muhammadu Korau. Kowa a unguwar ya san sunan sarkin. Ban wahalar da kowa da tambayar sunan maginin ba. Hazo ya rufe hanya, sai bayan isha'i muka shiga Kano. Na sauka Fagge, inda mutanen Nijar suka saba sauka.

Asabar, Kano

Gidan Makama na daf da fadar sarki. Abin da ake faɗa shi ne an gina shi ne don Rumfa tun yana Makama, ya kuma zauna ciki kafin a gama Gidan Rumfa. Ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ke nan yana da shekara uku a gadon sarauta Donatello ya mutu a Fulorans. A zamaninsa Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa littafin nasiha kan mulki. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 suka mai da gidan ofis, wani sashe ya zama makaranta, yanzu kuma Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Najeriya ke riƙe da shi.

Na shiga zaure sai na ji sanyi ya sauko mini, irin sanyin randa. Na ɗaga kai. Bakan gizo ya taso daga bango kamar haƙarƙari, ya lanƙwaso ya haɗu a tsakiya, tsakaninsu an jera azara. Na fi minti goma a tsaye, har mai yi wa baƙi bayani ya yi gyaran murya. Kafin in ga kayan da ke ciki, gidan kansa ya riga ya biya ni kuɗin mota.

Wani abu ya faɗo mini a nan. Farin dutsen Italiya in an sassaƙa shi an gama, ko an manta da shi shekara ɗari biyu yana nan. Ginin ƙasa kuwa in damina uku ta wuce ba yaɓe, ya fara komawa inda ya fito. Tubalin da nake taɓawa wataƙila ba na zamanin Rumfa ba ne, an sha rushewa ana tayarwa. Abin da ya kai shekara ɗari biyar a gidan nan shi ne magina ba su taɓa daina dawowa ba.

Ɗakunan goma sha ɗaya ne. Akwai na ganuwa da ƙofofi, na addinin dā, na zamanin Fulani, na yaƙin basasar Tukurawa da Yusufawa, na mulkin Turawa, na sana'o'i, na kayan kiɗa. Inda na daɗe shi ne gaban ƙyauren Ƙofar Kabuga, ƙofar da Turawa suka shigo ta cikinta. Fallayen ƙarfe ne aka bubbuge aka jera, aka kama su da ƙusoshi. Na sunkuya na duba kawunan ƙusoshin, kowanne da irin tasa fuskar, wani ya karkata, wani guduma ta ci gefensa. Kowace ƙusa an sa ta a wuta an ciro, wani yaro na zuga. Na tambayi mai bayanin wa ya ƙera. Ya ce maƙeran Kano. Na ce sunansu fa? Ya yi murmushi. "Malam, ai kayan ba sa zuwa da suna." Sannan ya tuna mini cewa ana faɗin Kano ɗin kanta sunan wani maƙeri ne da ya zo daga Gaya neman tama a gindin Dala, kuma in na shiga birni zan tarar da Dukawa da Soron Ɗinki da Lokon Maƙera. Wato mu unguwa muke raɗa wa sunan sana'a, mutumin kuwa ya narke a cikinta.

Ɗakin ƙarshe ɗakin amarya ne. Ina leƙawa dariya ta kuɓuce mini. Na yi tafiyar fiye da kilomita 300, na canza kuɗi, na sha ƙura, don in zo in ga ɗakin Gwaggo. Ga jere, ga faifai, ga ƙore. Wani magidanci ya shigo da 'ya'yansa, ƙaramar ta nuna ragaya ta ce, "Abba, wannan mene ne?" Ya yi jim, ya ce igiya ce. Na sa baki na ce ragaya ce, ana rataye ƙwaryar nono a ciki don kada kyanwa ko tururuwa su kai gare ta. Yarinyar ta tambaye ni ko ni ma'aikacin gidan ne. Na ce a'a, daga garin da har yanzu ake rataye nono nake. Da na fito na yi lissafi, 'ya'yana ma a kula suka san fura.

Lahadi, Kano da Fulorans

Da sanyi agogonmu ɗaya da Italiya. Ƙarfe goma saura wayata ta yi ƙara, sai ga ƙanena cikin hular sanyi, hanci ja, yana kan layi. Na sayi data mai yawa, na zauna bencin mai shayi inda sabis ya fi ƙarfi.

Ginin kamar kagara yake. An fara shi a 1255 a matsayin gidan mai mulkin birni, a 1574 ya koma hannun shugaban 'yan sanda, wanda ake kira barjello, ya zama gidan kaso. A tsakar gidan ake kashe masu laifi har 1786. Sai a 1865 aka buɗe shi gidan tarihi. Ƙanena ya zagaya da wayar: rijiya a tsakiya, matattakalar dutse ta hau ta waje, bango duk tambarin masu mulkin da suka shuɗe. Ya ce, "Yaya, wurin nan ko ba a faɗa ba ka san an yi kuka a cikinsa."

Ɗakin ƙasa na Mikelanjelo ne. Abu na farko mutum-mutumin wani mashayi, tsirara, riƙe da kofi yana tangaɗi. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya sassaƙa shi, tsakanin 1496 da 1497. Mai shayi ya leƙo ya ce a'uzubillahi. Ban ga laifinsa ba. Amma dutse ne aka sa ya yi maye, har kana jin kamar ka miƙa hannu ka tare shi. A sama akwai wanda Donatello ya zuba da tagulla, suna cewa wai surar Annabi Dawuda ce, na ce wa ƙanena ya wuce, wannan ba da ni ba. Shi ya sa ma ban taɓa nuna hoton a aji ba. Addininmu ya kawar da hannun gwanayenmu daga surar mutum, sai gwanintar ta zuba cikin zanen bango da wuyan riga da marfin gafaka. Wanda ya zo neman Donatello a wajenmu da ma'aunin mutum-mutumi zai koma hannu rabbana, ya ce ba mu yi komai ba.

Ya tsaya gaban wani jarumi na farin dutse riƙe da garkuwa, Waliyyi Jorj, aikin Donatello na wajen 1416. Ƙungiyar maƙeran sulke da takubba ce ta biya aka yi. Nan na gyara zama. Kowace sana'a a birnin tana da ƙungiya, kamar yadda muke da Sarkin Maƙera da Sarkin Dukawa, sai dai tasu tana da asusu da magatakarda.

A bango guda akwai wasu faranta biyu na tagulla. A 1401 ƙungiyar fataken tufafi ta sa gasa don zaɓen wanda zai yi ƙyauren wani ɗakin ibada, aka ba kowa labari ɗaya, na layyar Annabi Ibrahim, wanda a wajensu Is'haƙu ne aka kai yanka. Na Giberti da na Burunelleski ne suka rage. Na ce ya kauce wa fuskokin ya nuna mini ƙasa. A farantin Burunelleski ga jaki ya sunkuyar da kai, ga wani bara zaune ya ɗora ƙafa kan gwiwa yana cire ƙaya. Na ce ya matso da wayar. Wallahi yadda ya tanƙwara bayan nan, haka yaranmu ke yi in tsidau ya soke su a hanyar gona. Giberti ne ya ci gasar, nasa ya fi sauƙin nauyi, bai ci tagulla da yawa ba, kuma 'yan kasuwa ne masu biya. Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana aikin ƙyauren. Wanda ya faɗi kuwa ya koma gini, shi ya ɗora ƙubbar babbar majami'ar birnin, aka gama a 1436.

Inda ƙanena ya ware shi ne ɗakunan ƙananan kaya: makullai, matazan hauren giwa, tangaran mai zane, kayan yaƙi. Da yawansu wani Bafaranshe ɗan Liyon, Luwi Karan, ya bar wa gidan a 1888, sun haura 3,000. A ɗakin kayan ƙasashen Musulmi ya tarar da tasoshin tagulla na Masar da Sham, an cusa azurfa cikin zanen, rubutun Larabci ya zagaye baki. Sai na ji ya fara haɗa baƙi a hankali, irin na makarantar allo. Wasu Turawa biyu suka tsaya suna kallonsa. Ya ce, "Yaya, duk ɗakin nan ni kaɗai ke karanta wannan." Muryarsa ta canza.

Can ya ce, "Amma fa Yaya, su ma ƙananan nasu ba suna. An rubuta ƙasa da ƙarni kawai." Wannan ya gyara mini tunani. Ashe ba daga sama sunayen suka faɗo musu ba. Wanda aka yi yarjejeniyar aiki da shi a rubuce, aka shigar da ladansa a littafin ƙungiya, aka ƙirga shi a harajin Fulorans na 1427, shi ne ya tsira. Sannan wani mai zane, Jorjo Basari, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya rubuta tarihin rayuwarsu, wa ya koya wa wa, wa ya yi faɗa da wa. Littafin ya fito a 1550, shekarar da aka buga na Hasan al-Wazzan. Ɗaya ya kira gwanayen garinsu kowa da sunansa, ɗayan ya tattara dukawan Gobir a jimla guda.

Kada wani ya ce don ba mu da rubutu ne. Muna da shi tun kafin Rumfa. Tarihin Kano ya jera sarakuna, ya kira malaman Wangarawa da sunayensu. Tawada ce dai ba a ga ta cancanci baduku ba, ko maƙeri, ko majemi. Ni ne shaida. Da na shiga lise a Maraɗi yara suka gano ni jikan baduku ne, suka riƙa toshe hanci wai ina warin jima. Daga ranar, duk takardar da ta tambayi sana'ar gidanmu, manoma nake rubutawa. Yarinyar nan da ta ce su wa da wa, sunan Kaka na bakina, bai ma zo mini a rai cewa amsa ba ce.

Cajin ƙanena ya mutu ana tsakar nuna mini wani makulli. Da dare ina kwance sunaye biyu suka zo mini, waɗanda na sani tuntuni: Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, da Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jihar Tawa, wanda ya fara a 1962 ya kuma sami lambar Aga Khan a 1986. Duka biyun masallaci suka gina. Wataƙila shi ya sa aka riƙe su.

Litinin, Kano

Na leƙa marinar Ƙofar Mata, allon ƙofar ya ce tun 1498. Ramuka sun fi marina yawa. Daga nan na faɗa Kurmi, kasuwar da ita ma ake danganta ta da Rumfa, na ɓata sau biyu a lungunanta.

Na sayi 'yar zabira ja. Na tambayi mai rumfar wa ya ɗinka, ya ce sari yake yi. Na nace, har ya haɗa ni da yaronsa, muka bi wani lungu muka iske wani dattijo a zaure, fata shimfiɗe kan cinya. Da na ce sunansa nake so, sai ya ajiye basilla ya dube ni sama da ƙasa. "Na haraji ne?" Na rantse masa ni malamin lakwal ne daga Nijar. Na miƙa masa biro na ce ya rubuta a cikin marfin. Ya yi dariya har da tari, ya ce shekara arba'in yana ɗinki ba wanda ya taɓa neman haka. Ya rubuta da ajami, sunansa da na mahaifinsa. Da zan tafi ya kira ni ya karɓi zabirar, ya ƙara sunan unguwa.

Ya shafa fatar ya ce, "Wannan ma daga wajenku take zuwa."

Laraba, Agye

Jiya a hanya na wuni. Yau da asuba wayata ta yi ƙara, jikar Gwaggo ce, wai Gwaggo ta ce a faɗa mini sunan tsohon Gangara ya dawo mata cikin dare, ta ta da yarinyar daga barci don kada ya sake guduwa. Na rubuta shi ƙarƙashin biyun farko. Da na Kaka da na dattijon Kurmi, biyar ke nan, ban da Babban Gwani da Falke Barmu.

In an koma aji zan shiga da gafakar, Gwaggo ta yarda da sharaɗin kada yara su taɓa da hannun mai. Zan rubuta sunan Kaka a allo a layi ɗaya da Giberti. Aikin gida kuwa, kowa ya nemo abu ɗaya a gidansu da aka yi da hannu, ya tambayo wanda ya yi da garinsu da wanda ya koya masa. Na roƙi darakta ya ba mu tsohon kabad ɗin da ke ofis, ya ce sai an gyara ƙafarsa da gara ta ci.

Saura sirdin. Ja ne, gabansa da koren fata an yanke shi 'yan murabba'ai irin na gafakar, likkafar hagu an taɓa yi mata gyara. Ya bar Gazawa a 1984. Wanda duk ya gan shi, a gidan tarihi ko a falon wani, a Yamai ko Kano ko Turai, ba karɓa za mu yi ba, geron mun riga mun cinye. A nemo malamin tarihi na Agye, in faɗi sunan wanda ya yi shi a rubuta a ƙasansa.